Da Zafi-zafi Akan Bugi Ƙarfe: Wata Karin Maganar Ingilishi da Takwarorinta a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Yaron da ya shiga kwaleji a Tasawa ko a Mayahi yakan fara koyon Ingilishi tun a ajin farko, amma ba daga Hausa yake shiga cikinsa ba, ta ƙofar Faransanci ake bi da shi. Watau kowace magana sai ta sauka zango biyu kafin ta iso kunnensa. Kalmomin yau da kullum sukan iso lafiya. Karin magana kuwa sau da yawa takan bar rabin kayanta a hanya. Wannan matsala ba ta ƴan makaranta kaɗai ba ce, ta shafi masu fassara a gidajen rediyo, da masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, da tafintocin da ke tsayawa tsakanin ma'aikatan gona da talakawa. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne mu ɗauki karin magana guda ɗaya ta Ingilishi wadda ta shafi sanin lokacin yin abu, mu duba ma'anarta da inda ake amfani da ita, sa'an nan mu gwada ta da abin da ake ji a bakin mutanen Tasawa, Maijirgi, Korgom, Kanambakashe da ƙauyukan Gulbin Kaba. Ga ta, tare da ta Faransanci da ta Hausa:

(1) Strike while the iron is hot.
(2) Il faut battre le fer pendant qu'il est chaud.
(3) Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

A ƙasar da muke magana a kanta, abin da kunne zai ji shi ne “zahi” da “ƙarhe”, kamar yadda zai ji “hwara” da “sahiya” a misalan da za su zo gaba. Mun rubuta su bisa daidaitacciyar ƙa'ida domin sauƙin karatu.

Ma'anarta a Ingilishi

Maganar tsohuwa ce a Turai. Ana samunta a rubuce cikin Faransanci tun ƙarni na 13, kuma ta bayyana a rubutun Chaucer, mawallafin Ingila, wajen ƙarshen ƙarni na 14. Ma'anarta ba ta sāke ba tun daga wancan zamani: in hali ya yi maka kyau, ka aikata kafin ya juya.

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne su fassara ta da “yi sauri”. Bature ba ya faɗinta ga wanda ya makara zuwa aiki, ko ga yaron da aka aika ya tsaya wasa. Sai abu uku sun haɗu take dacewa. Dole a ce wani hali mai kyau ya samu wanda da babu shi. Dole halin nan ya zama mai gushewa da kansa ko ba a taɓa shi ba. Kuma aikin da ake son yi ya zama irin wanda yake da sauƙi a cikin halin, da wuya a bayansa. Alal misali, dillali a kasuwar dabbobi ya ga mai saye ya zagaya sa sau uku, ya buɗe bakinsa, ya tafi ya komo. In abokinsa ya raɗa masa wannan magana, ba cewa yake yi ya gaggauta ba, cewa yake yi zuciyar mutumin nan ta yi taushi yanzu, in ya bar shi ya je ya sha fura ya yi shawara da ɗan'uwansa, to, za ta koma yadda take. Haka Turawa ke amfani da ita a ciniki, da neman aure, da siyasa, musamman bayan an ci wata ƴar nasara ana son a ɗora wata a kanta. Saurin da ke cikinta na wanda ya iya jira ne, domin maƙeri yakan daɗe zaune yana kallon wuta kafin ya ɗaga masaba.

A maƙera

Ba a fahimtar wannan magana sosai sai an zauna a maƙera, kuma babu kasuwar mako a ƙasar Tasawa da Mayahi da za a rasa rumfar maƙera a gefenta. Kakannin waɗannan maƙera tama suke narkewa. Na yanzu da tsofaffin ƙarafan mota suke aiki, amma hukuncin wuta bai canza ba. Yaro yana zuga, gawayin ƙirya yana ci, shi ne maƙera suka fi so saboda ƙarfin wutarsa da daɗewarta. Ƙarfen yakan fara da baƙi, ya yi ja, ya koma ruwan lemo mai haske. A nan ne, wajen digiri 1000, yake bin masaba kamar yumɓu. Maƙeri ba ya da ma'auni sai idonsa, shi ya sa rumfarsa take da duhu-duhu. Da ya ciro shi da awartaki ya aza bisa uwar maƙera, zafin ya fara gudu ke nan, kuma bakin sungumi ko na lauje, da yake siriri ne, bai fi ƴan bugu kaɗan ba zai dushe. Wanda ya ci gaba da bugu bayan jan ya mutu, ko dai ya gaji a banza ko ya tsaga aikinsa.

Akwai abu guda a nan da ya kamata mai fassara ya riƙe: zafin nan maƙeri ne ya yi shi da kansa. In ya kuskure, yana iya mayar da ƙarfen wuta ya sake zuga; hasararsa gawayi ce da ɗan lokaci. Saboda haka karin maganar ta fi dacewa da damar da mutum ya sha wahala ya shirya, kamar mai neman aure da ya daɗe yana kai gaisuwa har ya ga fuskar uban yarinya ta saki.

Ginin jimlar

Wanda ya ga (1), (2) da (3) a jere zai yi saurin cewa ta Hausa fassara ce da ta fito daga aji. Kama ba ta isa hujja ba, domin duk inda ake ƙira an san ƙarfe yana hucewa. Abin da mai nazarin harshe zai iya aunawa shi ne ginin jimlar, kuma ginin (3) na Hausa ne tun daga tushe.

Mu fara da wanda ake yi wa magana. Ingilishi umurni ya bayar kai tsaye ga mutum na biyu. Faransanci ya kauce, ya ce “il faut”, watau wajibi ne, ba tare da ya nuna kowa ba. Hausa ta yi amfani da wakilin sunan nan “a” wanda ba ya nufin kowa kuma yana nufin kowa, ta haɗa shi da “kan” na sabo. Ba ta umurci kowa ba, ba ta ma ce wajibi ne ba, ta dai faɗi yadda duniya ta saba yi. Amfanin wannan a zaman jama'a babba ne. Saurayi ba ya iya duban baffansa ya ce masa “bugi ƙarfe”, amma yana iya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ai ku kuka gaya mana da zafi-zafi akan bugi ƙarfe”, dattijo ya ji shawarar ba tare da an taɓa girmansa ba. Mai fassarar da ya mayar da (1) umurni a Hausa ya fassara kalmomi, ya zubar da ladabi.

Na biyu, tsarin kalmomi. Jimla ta yau da kullum ita ce:

(4) Ana bugun ƙarfe da zafi-zafi.

In aka ɗauko bayanau aka kai shi gaba domin a ƙarfafa shi, sai “ana” ta koma “ake”:

(5) Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Ana jin (5) kamar yadda ake jin (3), sai dai “akan” ba ta sāke siffa in an yi wannan jujjuyawa, shi ya sa ƙarfafawar ta fi fitowa fili a (5). Ma'anar da wannan gini ya ƙara ita ce keɓewa: a wannan hali ne, ban da waninsa. Kuma ƙira ce da Hausa ta daɗe tana zuba karin magana a cikinta: “da tsohuwar zuma ake magani”, “da abokin daka akan sha gari”. Ko da a ce (3) baƙuwa ce, to, ta sa tufafin gida har ba a gane ta. Aikatau ɗin ma haka: “bugi” ne, na aji na biyu a rabon da Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, wanda ke ƙarewa da -i gaban suna karɓau, ba “buga” ba.

Na uku shi ne ninkin “zafi-zafi”, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. “Zafi” yana cikin rukunin sunayen nan na abin da jiki ke ji, irin su sanyi, ɗaci, tsami, nauyi, kaifi, waɗanda Parsons ya yi nazarinsu a 1955. In aka ninka irin waɗannan, ma'anarsu raguwa take yi. Miya mai tsami-tsami ba ta kai mai tsami ba. Wanda ya ce jikinsa da zafi-zafi bai kwanta ba tukuna. In da wannan ƙa'ida za a bi, sai (3) ta zama tana cewa a bugi ƙarfe yana da ɗan ɗumi, abin da kowane ɗan maƙera zai yi wa dariya. Amma akwai wani ninki dabam, na bayanau, wanda ƙarfafawa yake yi: maza-maza, yanzu-yanzu, da wuri-wuri. “Da” ɗin da ke gaba ita ta fitar da “zafi” daga rukunin farko ta shigar da shi na biyu, har ya daina auna yawan zafi ya koma auna kusancin lokaci: yanzu aka ciro shi daga wuta. Irinsa ne mai ƙosai ke nufi in ta ce a saya da zafi-zafinsa, da kuma ƴan rediyo in sun ce labari da ɗumi-ɗuminsa. Siffa ɗaya, aiki biyu masu saɓani. Ya kamata masu rubuta nahawu domin makarantunmu su raba su a fili.

Fara, icce da gora

A ƙauyukan Mayahi, in ana son a faɗi abin da Bature ke nufi da (1), sau da yawa ba maƙera ake zuwa ba, daji ake zuwa:

(6) Da sanyin safiya ake kama fara.

Abin lura, wannan ta ɗauki sanyi inda waccan ta ɗauki zafi, amma gininsu ɗaya, nufinsu kuma ya yi kusa. Fara ba ta da zafin jiki nata na kanta, da na rana take tashi. Bayan kaka, in sanyi ya sauka, takan kwana a sandare bisa kara da ƙananan itatuwa, mata da yara su fita tun da asuba su yi ta tsinta da hannu suna zubawa a buhu. Da hantsi ya ɗaga ta sha rana, ko mai doki ba ya kama ta. Ba wasan yara ba ne: a dafa, a shanya, a soya da yaji, ana auna ta da tiya a kasuwannin jihar Maraɗi, har ana ketarawa da ita Nijeriya.

Bambancinta da ta ƙarfe shi ne, sanyin safiya ba mutum ke yin sa ba. Babu zugar da za ta dawo da shi; wanda ya makara sai ya jira gobe. Don haka (6) ta fi dacewa da damar da ta zo da kanta, kuma tana ɗauke da zargin lalaci wanda babu shi a (3): wanda bai kama fara ba, barci ya yi.

Sauran biyun da ɗalibai kan kawo ba su kai waɗannan kusa ba. “Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi” gininta ɗaya da su, amma lokacinta shekaru ne, kuma kusan kullum a kan tarbiyyar yaro ake faɗinta. Ba a yi wa dillali ita. “Ba a fafe gora ranar tafiya” kuwa maganar shiri ce kafin lokaci ya zo, ba ta kama shi in ya zo ba. In kuma an riga an makara, Hausa tana da “ihu bayan hari”, wadda mutanen wannan ƙasa, da suka ga hare-haren ƙarni na 19, ba su bukatar a yi musu sharhinta.

Ciyawar Ingila da ruwan shuka

Ingilishi yana da wata ƴar'uwar (1) wadda littattafan makaranta kan kawo su tare, “make hay while the sun shines”, watau a busar da ciyawa tun rana tana haskawa. Tana cikin tarin karin maganar da John Heywood ya buga a 1546. A Ingila tana da ma'ana, domin ciyawar da aka yanka tana bukatar kwanaki na rana a jere, rana kuwa a can baƙuwa ce. Na taɓa ganin an fassara ta kalma da kalma ga manoma a wani taro. Suka yi shiru irin na ladabi. Mutumin da ke shanya harawa a watan Oktoba, yana da wata bakwai na rana a gabansa, me zai gane a ciki? Abin da yake wuya a wurinmu shi suke da shi har ya yi musu yawa.

In ana neman abin da ya yi daidai da wannan a rayuwar Tasawa da Mayahi, ruwan shuka ne. Ƙasar jigawa ce, ruwan shekara a mafi yawan shekaru tsakanin milimita 300 ne da 500, daga Yuni zuwa Satumba, gero kuwa yana son wajen kwana 90. In ruwa ya sauka da dare, da asuba mai gida zai tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai. In ta isa, ba a zuwa kasuwa ran nan, ba a zuwa gaisuwa: maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da ƙafa, domin rairayi cikin kwana biyu ko uku ya bushe. Amma a nan ma ba sauri ne kaɗai ba. Wanda ya bi ruwan farko na yaudara, aka yi masa fari na mako biyu, iri ya tsiro ya ƙone, sai ya sake shuka in yana da sauran iri. Wanda kuma ya yi bizne, watau ya shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, caca ya yi wadda wani lokaci takan ci. Masanin yanayin noma Sivakumar, na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya ba da ma'auni a 1988: damina ta kama in an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, bayan 1 ga Mayu, ba tare da an yi fari fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo. Mai karatu zai lura rabin ma'aunin nan ba a saninsa sai bayan wata guda, manomi kuwa da safen nan zai yanke shawara. Ƙarfe ana mayar da shi wuta, fara ana komawa gobe, amma shekarar da ta kuɓuce ta kuɓuce; waɗanda suka ga 1973 da 1984, shekarar da aka yi wa laƙabi da El-Buhari, sun san farashinta.

Kalmomin lokaci

Masana a Turai sukan ari kalmomi biyu na Girkanci domin su raba lokaci mai gudana da lokacin da ya dace. Hausa ba ta bukatar aro. Tana da “lokaci”, wanda asalinsa Larabci ne, da “loto” da ake ji a ƙasarmu, domin na farko. Domin na biyu tana da “dama”, tana kuma da “sa'a”, wadda ita ma daga Larabci ta zo da ma'anar wani yanki na yini, amma a bakin Bahaushe ta zama har da dacewa: wanda ya yi sa'a shi ne wanda zuwansa ya faɗa kan lokacin da ya kamata. Duk karin maganar da muka duba a kan sa'a suke magana.

Wani abin dariya kuma, kalmar “ƙarfe” da kanta ta zama ta agogo, daga ƙarfen da ake bugawa a bariki da makaranta domin a sanar da awa. Har yau akwai makarantun ƙauye da tsohon ƙarfen ƙafar mota ke rataye a icce domin wannan aiki. Wani ɗalibi da na tambaya ma'anar (3) ya amsa mini da gaske cewa ana buga ƙarfen tashi ne in rana ta yi zafi. Ban ga laifinsa ba. Ƙarfen da ya sani ke nan.

Inda ba a faɗinta

“Zafi” a Hausa yana da wata fuska da “hot” na (1) ba ya nufi a nan: zafin rai, zafin kai, maganar da ta yi zafi. Wannan ya sa (3) tana iya zama mai haɗari in an faɗe ta ba a wurinta ba. Kowace kaka, in makiyaya suka fara gangarowa daga arewa ta burtalolin Gulbin Kaba alhali wake da dawa ba su gama tashi daga gona ba, akan sami ɓarna. Hukuma takan sa ranar sakin gonaki, kuma dokar ƙasar noma ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun tsara hanyar sulhu tun daga gaban mai gari. Amma dabba ba ta san ranar ba. In ɓarna ta auku, akwai aikin da lalle da zafi-zafi ake yin sa: a kira shaidu su ga sawu kafin iska ta shafe shi, a ƙidaya abin da aka ci kafin wani garke ya bi ta wurin. A nan dattijo yana iya kawo (3), kowa ya gane. Amma in ya faɗe ta a gaban samarin da suka riga suka ɗauko sanduna, su “zafi” ɗin zuciyarsu za su ji, “bugu” kuwa ba su bukatar a fassara musu shi. Shi ya sa masu gari da suka san aikinsu sukan aika a duba gona nan take, su ɗage zaman shari'a zuwa bayan la'asar ko washegari, suna cewa a bari rai ya huce, sauri ya haifi nawa. Tafintan da aka ba (1) ko (2) ya juya a irin wannan zama, gara ya ajiye maƙera gefe ya ce a je a ga sawu tun bai ɓace ba.